Jan Biro a Babi na Huɗu

Duk wanda ya yi firamare a Tsohon Birnin Gwari a shekarun da Malam Isaiah Bakoji yake riƙe da aji shida, ya fi tuna jan bironsa a kan fuskarsa. Biron yana zaune a aljihun gaban rigarsa, ba ya fita sai da dalili, dalilin kuwa ba ya wuyar samuwa. Yaro ya rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa", biro ya fita. Yarinya ta manne "ba" da "ta" ta mai da su kalma ɗaya, biro ya fita. Ko katin gayyatar biki aka miƙa masa, sai ya gyara shi kafin ya duba ranar.

Mutumin kudancin Kaduna ne, daga duwatsun wajen Kagoro, kuma ba da Hausa ya tashi ba. A makarantar mishan ya koye ta, wurin wani malami da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Kowace safiya ana yi musu shifta: malami ya karanta, yara su rubuta abin da suka ji, ba ƙari ba ragi. A nan aka koya masa cewa jimla tana da mai yin aiki, da aikin, da wanda aikin ya faɗa wa, sannan aya. Ya riƙe wannan yadda ya riƙe Addu'ar Ubangiji. Ya sha bulala a kan lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ, saboda haka har ya tsufa bai ga dalilin da zai sa wani ya yar da su a banza ba.

Da ya gama kwalejin horon malamai aka turo shi ƙasar Birnin Gwari. A lokacin daji daji ne kawai. Ranar Juma'a yakan fita da 'yan ajinsa zuwa bakinsa, su tsaya a inuwar ɗorawa, kowa ya gina jimla da abin da idonsa ya gani. Biri ya hau kaɗanya. Mata suna tsintar itace. Bafulatani ya kora shanu rafi. Malam Isaiah yakan ce bai taɓa samun jimloli masu lafiya kamar na bakin dajin nan ba, domin yaron da ya ga biri da idonsa ba ya manta mai yin aiki. Yau babu malamin da zai kai yara ko bayan gari, kuma shi a ransa yana ganin lalacewar jimla da lalacewar daji tare suka zo, ko da yake bai taɓa iya nuna yadda ɗaya ya jawo ɗaya ba.

A nan ya auri Sophia, 'yar wani manomi Bagwari daga Gayam, wadda tun haihuwar ɗansu na fari kowa yake kira Maman Noah. Mace ce mai aiki, mai tsafta, mai riƙe gida. Aibinta ɗaya ne a wurinsa, kuma da shi ta zo. A Hausarta komai namiji ne. Kaza namiji, riga namiji, ita kanta uwar da ta haife ta namiji. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa ba su taɓa kwana a bakinta ba. Sai ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, kazan ya shiga daki."

Ya ce, "Kazar ta shiga ɗaki."

Ta ce, "To tunda ka gani, kore shi."

Haka suka yi zaman aurensu, yana gyarawa tana wucewa, har ya yi ritaya suka komo sabon gari suka gina ɗan gida mai rijiya a bayan coci.

Sabina ce 'yar tsufansu. Da ta shiga kwalejin ilimi a Kaduna ta zaɓi Hausa, Malam Isaiah ya yi mako yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya rubuta kundin bincike, wanda in ba a karɓe shi ba babu fita. Ita ta zaɓi Hausar mutanen Gayam, dangin uwarta. Da rani, a wani ɗan lokaci da hanya ta yi sauƙi, ta hau mashin ta je ta zauna wurin ƙanwar uwarta, tana ɗaukar hirar mata da mazajensu a waya, tana kwafe ta a takarda da hannu. Farkon damina ruwa ya doke ta a tasha, wayar ta mutu da duk abin da ke cikinta. Ba ta damu sosai ba, tunda komai yana takarda.

Da za ta koma makaranta ta bar wa ubanta babi huɗu na farko. Ta ce ya duba mata rubutu, ya kai wa Ƙasimu mai shagon kwamfuta ya buga, Ƙasimu ya tura mata. Babi na biyar, inda za ta yi sharhi, za ta ƙarasa shi a can. Tana ƙoƙarin shiga mota ta ƙara da cewa babi na huɗu ba ya buƙatar komai, a buga shi yadda yake.

Malam Isaiah ya fitar da tebur gindin mangwaro, ya goge tabarau, ya buɗe babi na ɗaya. Jimlar farko ta ce:

"Duba da yadda aka yi la'akari da cewa harshe, kasancewarsa abu mai rai, wanda kuma masana da dama suka tofa albarkacin bakinsu a kansa ta fuskoki mabambanta, wanda hakan ya sanya ya zama wajibi, musamman a wannan zamani da muke ciki, duba da…"

Ya bi ta da yatsa har ƙasan shafi, ya juya, ya same ta tana nan tana tafiya. Da ta tsaya, bai ga wanda ya yi wani abu ba, bai ga abin da aka yi ba. Ya rubuta a gefe da ja: Wa ya yi me? Kafin ya gama babin ya rubuta wannan tambaya har biron ya fara dushewa. Ya sami "wanda" yana bin "wanda" kamar tururuwa. Ya sami waƙafi an watsa shi kamar irin riɗi, aya kuwa sai an yi tafiya. Ya sami sakin layi ɗaya da ya fara da tarihin Gwari ya ƙare da ma'anar nahawu. Da ya kai ga "an gano cewa", ya kira ta a waya ya tambaye ta wane ne ya gano. Ta ce ita ce. Ya ce to me ya hana ta faɗa. Ta ce a rubutun ilimi an hana su cewa "na", sai dai "an" ko "mai bincike". Ya ce a zamaninsu wanda ya fasa tulu shi ke cewa "an fasa tulu". Duk da haka ya bar mata, tunda dokar makarantarsu ce, shi kuwa mutum ne mai girmama doka ko da ta banza ce.

Ya yi aiki na gaske a babi ukun nan. Ya datse dogayen jimloli, ya ba kowace mai yin aikinta, ya sa ra'ayi ɗaya a kowane sakin layi. Abu ɗaya ne bai samu ba: duk da tsawon gabatarwar, babu inda ta faɗa a fili abin da take nema a Gayam. Abin da ya tsinta daga cikin hayaƙin shi ne kundin yana magana a kan jinsi, wato namiji da mace a nahawu. Wannan kuwa ya yi masa daɗi.

Sai ya buɗe babi na huɗu, wanda aka ce ba ya buƙatar komai. Jerin jimloli ne, kowace da lambarta. Matana ya tafi gona. Yarinyan nan dogo ne. Rigan ya yage. Wani rana za mu dauki kayan. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. 'Yarsa, a shekarar ƙarshe, a sashen Hausa, a kundin da yake magana a kan jinsi. Ya yi tunanin zaman Gayam ne ya ɓata mata kunne, ya kuma ɗora rabin laifin a kan uwarta. Bai kira ta ba, don kada ya kunyata ta. Ya zauna ya gyara su ɗaya bayan ɗaya. Matata ta tafi gona. Yarinyar nan doguwa ce. Rigar ta yage. Da takardun suka yi ja har ba a iya karanta su, ya sake kwafe babin a sabuwar takarda da rubutunsa na mishan mai tsaye kamar shinge. Tsofaffin kuwa, kasancewar itace ya jiƙe a makon nan, ya ba Maman Noah ta hura wuta da su. Ta ce takardan yana kamawa da kyau.

Ƙasimu tsohon ɗalibinsa ne, kuma allon shagonsa da ke bakin kasuwa ya ce "Kasimu", abin da Malam Isaiah yake yi masa magana a kai tun ranar da aka kafa shi. Ya jawo kujera ya zauna a gefensa, duk inda lanƙwasa ta faɗi sai ya ƙwanƙwasa gilashin da bayan biro. Ƙasimu ya ce kwamfutar ba ta son baƙaƙen nan, sai an zagaya kafin a same su. Malam ya ce to a zagaya, ai shi ba ya sauri. Masu jiran a buga musu takardun neman aiki suka gaji suka tafi. Da aka gama aka tura wa Sabina. Saƙon ya isa a ranar ƙarshe ta miƙa kundi. Ta karanta shafukan farko a tsaye, ta ga sun yi kyau fiye da yadda ta bar su, ta haɗa da babinta na biyar ta miƙa.

Ba a yi mako biyu ba ta biyo jerin motocin da sojoji ke rakowa ta dawo gida. Ta gai da uwarta, ta sha ruwa, ta jira har uwar ta tafi taron mata a coci, sannan ta zo gindin mangwaro ta durƙusa ta gaya masa abin da ya faru. Malama Zulaiha, mai duba kundinta, ta ce babi uku na farko sun fi duk abin da ta karanta a shekarar. Amma babi na biyar yana cewa mutanen Gayam suna amfani da "ya" ga mace, yana cewa a duba misali na kaza, in an duba kuma sai a tarar "Matata ta tafi gona". Malamar ta ce ko dai matan Gayam sun koma karanta labarai a rediyo, ko kuwa Sabina ba ta je ko'ina ba, ta zauna a ɗaki ta ƙirƙira. Ta ba ta zuwa ƙarshen wata, lokacin da mai jarrabawa daga waje zai zo. In babu misalai na gaskiya, sai baɗi.

Sabina ta ce, "Baba, ba ni takardun da na bari. Su kaɗai nake buƙata."

Malam Isaiah ya dubi mangwaro, ya dubi madafa. Ta bi idonsa da kallo har murhu. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa kamar wadda ta dawo daga noma.

Shi kuwa sai ya kama gardama. Ya ce kuskure kuskure ne ko an ba shi lamba. Ya ce bai taɓa jin inda ake tara ɓatattun jimloli a ɗaure su da bango a ba mutum takardar shaida ba. Ya ce da ta rubuta jimla ɗaya tak a gabatarwa, mai kai da ƙafa, ta ce ga abin da take nema, da bai taɓa babin ba. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, ta kuma amsa shi. Sauran ba ta amsa ba. Ta ce ita ba kuskure ta je tarawa ba, magana ta je tarawa, kuma maganar tana da dokarta, tunda ba a kan sa'a suke cewa "ya" ba, kullum haka suke cewa. Ta ce bayyana wannan doka shi ne nahawun da ake koya musu. Ya ce nahawu shi ne abin da ya kamata a faɗa. Ta ce, "To abin da Mama take gaya maka tun kafin a haife ni, ba magana ba ce?" Ya ce kada ta kawo uwarta cikin wannan. Ta ce ai shi ya kawo ta, har ya ba ta ashana.

Komawa Gayam ba zance ba ne. Tun shigowar damina masu bindiga suka matsa wa yankin, unguwar ƙanwar uwarta ta watse, wasu sun yi Kaduna, wasu matan kuma da 'ya'yansu suna zaune a ɗakunan bayan coci, a rijiyar gidan Malam suke ɗiban ruwa. Malama Zulaiha ta yarda ta waya a sake ɗaukar maganar waɗannan, muddin za a kawo muryoyin tare da rubutun.

Malam Isaiah ya ce zai raka ta, don ya ga ya kamata ya biya abin da ya ɓata. Wannan ya ƙara ɓata abin. Matan sun san shi, sun san ya taɓa tsai da mai wa'azi bayan sujada a kan kalma ɗaya. Da suka gan shi suka gyara ɗaurin zane, suka gaishe shi, suka yi shiru. Sabina ta sallame shi ta koma ita kaɗai da sabuwar wayarta. Nan ma ba ta samu ba. Mutanen da suka baro gida da gudu ba sa son a ajiye musu waya a kan tabarma a ce su yi magana. Duk tambayar da ta yi, amsar ita ce "e", ko "a'a", ko "sai godiya". In hira ta fara daɗi kuma sai su juya zuwa harshensu na Gbagyi.

Sai ta koma kan uwarta. Ba ta gaya mata zancen takardun ba, ta ce kawai makaranta tana son ƙarin magana. Maman Noah ta sa sabon kallabi, ta zauna a kujera, ta dubi wayar, ta dubi mijinta da ke gefe, ta buɗe baki a hankali ta ce, "Kazar ta shiga ɗaki. Yarinyar ta ɗauki tsintsiya ta kore ta."

Malam Isaiah ya miƙe tsaye. Har ɗ ɗin ta fito da lanƙwasarta. Shekara da shekaru yana neman wannan jimla a gidansa bai samu ba, sai yau da ba a son ta. Ya tambaye ta ashe ta iya. Ta ce ta iya mana, in ta bi a hankali, wahala ce kawai, kuma tunda makaranta za a kai ba za ta kunyata 'yarta ba. Sabina ta roƙe ta ta yi magana yadda ta saba. Ta ce ita haka ta saba. Duk abin da aka ɗauka ranar ya fito daidai da littafi, ba shi da amfani ko kaɗan. Malam ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba sai da zazzaɓi.

Kwanaki suna tafiya, wata ya kusa ƙarewa. Wata safiya an kwana ana ruwa, Maman Noah tana fama da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika tsakar gida, matan Gayam biyu suna jan ruwa a rijiya. Ta ɗago da jan ido ta ce, "Malam, takardan nan ya kare ne?"

Malam Isaiah ya daɗe da sanin abu ɗaya game da matarsa wanda ba ya cikin kowane littafin nahawu: in ranta ya ɓaci ba ta da lokacin bin magana a hankali. Ya dubi Sabina da ke wanke kwanuka, ya nuna mata wayar da haɓa. Ya shiga ya ɗauko takarda da fensir, ya bar jan biron a aljihu, ya zauna a tebur. Sannan ya gina gajeruwar jimla irin ta makarantar mishan, mai yin aiki a gaba.

"Ni na ba ki aikin Sabina na Gayam, ke kika ƙone shi. Shi ya sa aka ƙi kundinta."

Maman Noah ta ajiye mafici. Ta tambayi Sabina ko haka ne. Sabina ta sunkuyar da kai. Sai uwar ta juyo.

"Yarinyan ya hau mashin ya bi cikin daji. Sauro ya cije shi, ciwo ya kama shi. Ni ban yi barci ba sai da ya dawo. Kai ka dauki wahalansa ka ba ni na sa a wuta? Biron nan naka, wani rana shi zan sa a murhu. Mutum ya kawo maka katin biki ka gyara, ya kawo maka takardan mutuwa ka gyara. Ko uwana da ya mutu, ka gyara masa magana a gadon asibiti."

Hannun Malam yana gudu a kan takarda. Shiftar yarantakarsa ta dawo masa gaba ɗaya. A kan "dauki" fensirin ya tsaya, yatsunsa suna son lanƙwasa kan d ɗin, ya danne su ya wuce. Da ta tsaya shan iska ya ɗago ya ce mata bai ji ta ƙarshen da kyau ba, "gadon" ta ce ko "gadan". Wannan ya ba ta sabon ƙarfi.

Matan da ke rijiya suka ajiye guga suka matso don su ba da haƙuri. Da suka ji abin da ya faru, suka bar ba da haƙuri suka shiga. Ɗaya ta ce ita ce ta ba yarinyar tabarma a Gayam, ta zauna ta gaya mata sunayen duk abin da ake sawa a miya, ashe duk wuta aka tara wa. Daga nan magana ta tafi inda take so: ta koma kan Gayam, da doyar da aka bari a ƙasa, da akuyar da ta ƙi bin su, da wanda zai nome gonar bana in ma akwai. Wasu matan suka ji hayaniya suka shigo. Babu wadda ta tuna da waya, babu wadda ta tuna da tsoron Malam, tunda ga shi ana yi masa faɗa a gidansa yana rubutawa. Tuwon safe bai dahu ba sai kusan azahar.

Bayan an lafa Sabina ta gaya musu ta ɗauka, ta kunna musu, ta ce in ba su yarda ba ta goge. Suka yi dariyar muryoyinsu har da riƙe ciki. Suka ce ta kai, amma kada a sa sunan kowa ko na unguwa. Maman Noah ta ce nata a sa duka, musamman wurin biron.

Uba da 'ya suka zauna gindin mangwaro suna saurare suna kwafewa. A nan kunnen da ya shekara yana farautar kuskure ya yi amfani. Ya nuna mata cewa matan ba iri ɗaya suke ba: ƙananan, waɗanda suka taɓa aji, suna cewa "ta" in mutum ce, "ya" in kaza ce ko riga, tsofaffin kuwa kowa "ya". Sabina ba ta lura da wannan ba ko a Gayam. Ta sake sharhinta a kansa. Ya sa ta rubuta manufar kundin a jimla ɗaya a shafin farko, ya mayar mata da ita har sai da ta tsaya da ƙafarta.

Saura shagon Ƙasimu. Shi kuwa zaman farko ya shige shi, yanzu duk inda ya ga "dauki" sai ya zagaya ya nemo lanƙwasa, duk inda ya ga "yarinyan" sai ya mai da ita "yarinyar". Malam ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce a mayar yadda take.

Ƙasimu ya ce, "Malam, ba kai ka ce…"

"Na ce. Yanzu na ce a mayar."

Ƙasimu ya ce shi dai ya rasa gane karatun manya. Malam ya ce bai zama dole ya gane ba, ya buga abin da ya gani, kuma har yanzu allon shagonsa bai gyaru ba.

An karɓi kundin. Mai jarrabawa ya saurari muryoyin, ya tambayi Sabina ko wane ne mutumin da ake yi wa faɗa, ta ce wani mai taimaka wa bincike ne. Ta fita tare da 'yan ajinta a shekarar.

Da Kirsimeti ta kawo wa ubanta kwafi ɗaya mai baƙin bango. Ya wanke hannu ya buɗe. Shafin godiya ita ta rubuta a Kaduna, wani ya buga, bai bi ta gindin mangwaro ba. A layi na uku ta gode wa mahaifinta, Malam Isaiah Bakoji, "wanda ya bata lokacinsa". Ya karanta, ya sake karantawa. In "ba ta" take nufi, an manne su. In "ɓata" take nufi, lanƙwasa ta faɗi. Ya zaro biron ya tambaye ta wanne ne.

Sabina ta ce ya bar shi haka, duka biyun sun faru.

Yana riƙe da biron a sama, Maman Noah ta leƙo daga madafa ta ce kazan ya shiga daki. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya mayar da biron aljihu ya tashi ya je ya kore ta.